Waƙar Da Ke Sauka Duk Lahadi

Abin da Auta ta fara gani a jikinsa shi ne wuyan hannunsa.

Tana kan keken ɗinki da hantsi, fil biyu a bakinta, sai ƙofar shagon ta yi duhu. Ta ɗago kai ta ga wani dogon saurayi ya sunkuyo yana shigowa. Ya sanya shuɗiyar rigar mawaƙan cocinsu a kan kayan aikin da ke jikinsa, hannun rigar kuwa ya tsaya tun bai kai inda ake ɗaura agogo ba, kamar wanda ya ari rigar ƙaninsa.

"Sannu da aiki," ya ce. "Fasto ne ya turo ni. Wai ke kike ɗinka rigunan nan."

Ta zare fil ɗin daga baki, ta dube shi daga sama har ƙasa. Kallon ya ɗauki ɗan lokaci, don tafiyar da nisa.

"Ni na ɗinka su. Amma don mutane na ɗinka, ban san za a kawo mana turken lantarki ba."

Ya yi dariya har ya bugi rigunan da ke rataye. Ya ce shi ne sabon mai kaɗa piyano, kamfanin gyaran firijin da yake wa aiki ne ya dawo da shi garin. Sai da ta hau ƙaramar kujera kafin tef ɗin awo ya kai kafaɗarsa. Ta juya hannun rigar ciki waje, ta nuna masa kalmasar.

"Ka yi sa'a. Mamata ce ta koya mini ɗinki, kuma dokarta ta farko ita ce a bar rarar yadi a ciki. Ba a san wanda zai sa riga gobe ba."

"Allah ya saka wa Mama da alheri," ya ce. Amma ba rigar yake kallo ba.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Barka da yamma, Tela. Turken lantarkin ɗazu ne. Riga ta yi daidai, amma yanzu ina neman abin da zan yaga don in sake dawowa."

Ta karanta tana cije leɓe, sannan ta rubuta:

"Kada ka yaga komai, Dogo. Ranar Laraba ake koyon waƙa, kuma ni nake ja. In ka yi kuskure zan ji."

Ranar Laraba kuwa ya yi kuskuren. Da ta buɗe baki, muryarta ta tashi siririya, tas, ta zagaya rufin cocin, sai yatsunsa suka manta inda za su. Mawaƙa suka fashe da dariya. Wata mai kaurin murya da kowa ke kira Nas, saboda a asibiti take aiki, ta ce, "Malam mai piyano, mu ma haka muka yi ranar farko. Sha ruwa ka dawo hayyacinka."

Tun daga ranar ya sa wa Auta suna Kanari.

Akwai waƙar da ake rufe sujada da ita kowace Lahadi a cocin nan. Mahaifin Auta ne ya tsara ta, lokacin yana shugaban mawaƙa:

Igiyar da na ɗaure ɗan'uwana,
Ashe a wuyana take, ya Yesu.
Ka kwance ni, ni ma na sake shi,
Mu zo gabanka babu ɗauri.

Da aka zo kanta a wannan Larabar, Auta ta miƙa wa Dogo takardar kiɗan. Bai ko duba ba, ya kaɗa ta daga farko har ƙarshe.

"A ina ka san ta?" ta tambaye shi a hanyar gida. "Ba a yin ta a wani coci."

"Na taɓa jin ta ina yaro," ya ce, ya shiga yi mata labarin wani firiji da ya buɗe ya tarar da takalmi a ciki. Ta yi dariya, amma tambayar ta samu wuri a ranta ta zauna.

Watanni suka shuɗe cikin daɗi. Yakan biyo ta shago da tsakar rana, ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana zura mata zare a allura da manyan yatsunsa. Ita kuma takan ajiye masa ruwan sanyi, tana tsokanarsa cewa mai gyaran firiji ne amma kullum cikin gumi. Da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Kanarina, kin tashi lafiya? Ki sha ruwan ɗumi, muryar nan ta jama'a ce." Ita kuma ta amsa: "Dogona, ka sunkuya in za ka shiga ƙofa, kan nan nawa ne."

Ranar da ya zo gaida iyayenta, Mama ta shimfiɗa sabon rufi a kan kujerun falo. Baba ya shigo daga bayan gida, inda yake kiwon kaji tun da ya yi ritaya, ya wanke hannu, ya zauna. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya amsa, amma idonsa na kan hannun hagun saurayin, wanda ke kan gwiwa, ƙaramin yatsa a miƙe shi kaɗai.

"Na daɗe ina kallon yatsan nan daga bencin baya," Baba ya ce a hankali. "Ina cewa ko idona ne ya tsufa. Mutum ɗaya na sani da yake kiɗa da ƙaramin yatsa a tsaye. Ɗan wa kake?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ni ɗansa ne, Baba. Ya rasu, shekarun baya."

"Allah ya ba ku haƙuri," Baba ya ce, ya tashi. "Ka gaida gida."

Auta ta san labarin tun tana ƙarama, kamar yadda yaro ke sanin tabon da ke jikin mahaifinsa. Kowace waƙa tana da matakin da ake ɗaukar ta, kuma mai piyano ne yake ba da shi kafin kowa ya buɗe baki. In ya ɗauke ta sama, mai siririyar murya ya ji daɗi, mai kauri ya sha wuya. In ya sauke ta ƙasa, abin ya juya. Jama'a ba sa lura, bi kawai suke yi. Amma mai jan waƙa yana ji a maƙogwaronsa, kamar yadda ƙafa ke jin takalmin da ba nata ba.

Ranar da aka buɗe sabon ginin cocin, gaban baƙi da manya, Baba ya tsaya zai ja waƙarsa. Mai piyano na lokacin amininsa ne, tare suke cin abinci. Sai ya ɗauki waƙar can sama. Baba ya bi, ya bi, da aka kai layi na uku muryarsa ta tsage kamar tsohon yadi. Matasa suka yi dariya. Ba a daɗe ba dattawan ikilisiya suka ce Baba ya huta, suka ba aminin nasa shugabancin mawaƙa. Daga baya mutumin ya bar garin da iyalinsa. Baba kuwa ya koma bencin baya kusa da taga, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin waƙa a bakinsa.

Bayan Dogo ya tafi, Baba ya kira ta.

"Auta, ban taɓa hana ki komai ba. Wannan kam na hana."

"Baba, ai ba shi ya yi ba."

"Ya faɗa miki ko ɗan wa ne shi?"

"Bai faɗa ba," ta ce.

"To kin gani. Ubansa ma da fara'a yake zuwa gidan nan."

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Dogo:

"Tun yaushe ka san ko 'yar wa ce ni?"

"Tun Larabar farko, da aka ce Baba ne ya tsara waƙar. A shago ban sani ba, Allah ne shaidata. Na yi ta neman ranar faɗa, kullum sai in ga kina dariya, in ce bari sai gobe. Na yi laifi, Kanarina. Ki yafe mini."

"Na ji," ta rubuta. Da bakinta ta yafe. Zuciyarta kuwa ta buɗe ido ɗaya ta bar shi a buɗe.

Suka rage haɗuwa, sai a wurin koyon waƙa. Wata Lahadi ta tashi da mura, ta ce masa ya ɗan sauke waƙar rufewa don kada muryarta ta ba ta kunya. Ya sauke. Mura ta warke, amma waƙar ba ta koma inda take ba. Lahadin da ta biyo baya ma sai ta ji kamar an ƙara zame ta ƙasa. Ta gaba kuma haka. Kaɗan kaɗan yake yi, yadda ba mai kamawa sai mai ja.

A can ƙasa muryar Auta ba ta da haske. Ta Nas kuwa ta samu fili, ta fito da kauri da daɗi, har mata suka fara tare ta a ƙofa suna cewa, "Ashe haka kike da murya, kika ɓoye mana?"

"Ka canza wa waƙar mataki," Auta ta ce masa bayan sujada, yana naɗe wayoyin lasifika.

"Kaɗan."

"Don me?"

"Ki ba ni ɗan lokaci. Zan faɗa miki."

"Kamar yadda ka faɗa mini na ubanka?"

Ya sunkuya ya ci gaba da naɗe wayoyinsa.

Daga nan ta fara sa ido. Ta lura cewa in aka zo waƙar rufewa ba ita yake kallo ba kamar dā. Idonsa yakan zame ta gefen hagunta, ɓangaren da Nas ke tsayawa. Ta gan su a ƙofar gefe, Nas tana shafa maƙogwaronta tana bayani, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da ta matso, suka yi shiru tare.

A shago, ƙafarta na kan keke, kanta na lissafi. Ita tela ce, ta san ba ta taɓa rage riga haka kawai ba. Duk rigar da ta taɓa, akwai jikin da take auna ta a kai. To waƙar nan ana rage ta mako bayan mako, ana gwadawa, ana sake ragewa. Jikin wa ake auna ta?

Ranar Juma'a Nas ta zo da kanta, da sabon yadi mai ruwan zuma.

"Ƙanwata, ki fitar da ni kunya. Ina so in yi kyau ranar Lahadi."

"Akwai wanda zai kalla ke nan," Auta ta ce, ta zagaya tef a ƙugunta, ta ja.

"Wayyo! Awo kike ko ɗaurin kaya?"

Wayar Nas tana kan teburin yanka, kusa da almakashi. Ta yi haske. Auta ba ta yi niyyar karantawa ba, amma sunan Dogo da ke saman saƙon ya riga ya kama idonta.

"Lahadin nan ki ƙara ƙarfi a layi na uku, mun kusa. Kada ki faɗa wa Auta tukuna."

Ta gama awon, ta rubuta da alli a jikin yadin, ta yi murmushi, ta raka Nas har ƙofa. Sannan ta ja labule ta zauna a kan buhun ƙyallayen da Dogo yake zama, ta rubuta masa:

"Na ga saƙonka a wayar Nas. Ubanka ya ɗaga waƙa ya sauke ubana, kai ka sauke ta za ka sauke ni. Kada ka wahalar da kanka, na sauka da kaina. Baba ya yi gaskiya."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya zo shago, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. A ƙarshe ya rubuta:

"Ba abin da kike zato ba ne, Kanarina. Ba zan iya bayaninsa a waya ba. Ki zo coci dai, ko ba don ni ba."

Ta zo, amma ba ta sa shuɗiyar riga ba. Ta wuce kai tsaye zuwa bencin baya, ta zauna tsakanin Mama da Baba. Baba ya matsa mata, ya ce ƙasa ƙasa, "Kin fara hankali." Mama ta gyara ɗankwalinta kawai.

Auta ba ta ji huɗubar Fasto ba. Jira take a zo waƙar rufewa ta ga abin da idonta, daga nesa, inda ba za a yi mata wayo ba.

Aka tashi tsaye. Dogo ya ba da mataki, can ƙasa. Nas ta ɗauka cikin rigar mawaƙa, sabuwar rigarta mai ruwan zuma tana leƙowa ta wuya. Auta ta kafe shi da ido. Ga shi nan, ya fara. Idonsa ya zame hagu, ya kai kan Nas, ya wuce Nas, ya tsallake benci bayan benci, ya zo har inda suke.

Ta zaci ita yake nema. Amma ba a kanta idon ya tsaya ba. A gefenta ya tsaya, ya yi saurin komawa kan piyano.

A lokacin ne ta ji wani abu a kafaɗarta, inda ta jingina da ta Baba. Wata 'yar rawa ce, kamar ta keken ɗinki in yana aiki a ɗakin maƙwabta. Daga ƙirjinsa take fitowa.

Za ta juya, Mama ta damƙe hannunta.

"Kada ki kalle shi," ta raɗa mata. "Makonni ke nan yana haka. In ya san an gani zai daina."

Aka kai layi na uku. Nas ta buɗe murya, ta cika cocin, mai kauri, mai faɗi, irin wadda mutum zai iya laɓewa a bayanta. Sai ga wata tsohuwar murya, mai tsatsa, ta fito daga gefen Auta a sarari:

"Ka kwance ni..."

Baba ya ji kansa. Ya datse baki. Fuskarsa ta ɗaure, ya ɗago kai ya dubi mai piyano, kallo mai tsawo.

Bayan an sallami jama'a bai fita ba. Ya jira har coci ya kusa zama fayau, sannan ya taka zuwa gaba, Mama da Auta na biye. Dogo ya miƙe daga kujerar piyano, ya rusuna. Nas ta ja gefe da tarin littattafan waƙa a ƙirji.

"Kai," Baba ya ce. "Tun yaushe kake farauta ta?"

"Baba..."

"Ni na tsara waƙar nan. Kana zaton ban ji ana jan ta ƙasa ba? Na ɗauka 'yata kake so ka kayar, na yi shiru don ta gani da idonta. Yau na gane ni aka haƙa wa ramin. Mene ne? Tausayi? Ko toshiyar baki ce don in ba ka 'yata?"

"Ko ɗaya, Baba. Ranar da Auta take mura na sauke waƙar dominta, sai na hango leɓenku ya motsa. Na ce ko idona ne. Na ƙara saukewa, ya ƙara motsi. Na tambayi Nas, ta ce murya tana sauka in shekaru sun ja, kuma wanda ya daɗe bai yi waƙa ba yana bukatar wata muryar da zai fake a bayanta. Shi ne na roƙe ta." Ya dubi Auta. "Ban faɗa miki ba don na san ki. Da kin sani, daga kan dandamali za ki riƙa leƙen Baba kina hawaye."

Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Baba ya ɗora hannu a kan murfin piyano. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Abu ɗaya nake so in sani. Ubanka. Da gangan ya yi?"

Auta ta runtse ido. A zuciyarta roƙo take: ka ce ya yi nadama, ka ce ya bar saƙon ban haƙuri kafin ya rasu. Wa zai ƙaryata ka? Kalma ɗaya, komai ya wuce.

"Ban sani ba, Baba," Dogo ya ce. "Na taɓa tambayarsa, ya tashi ya fita. Abin da na sani, yakan kaɗa waƙar nan a gida in ya zaci ba kowa, a nan na koye ta. Amma ban taɓa jin ya rera ta ba. Ko nadama ce, ko kewa, ko dai daɗin kiɗan yake ji, ban sani ba. Bai bar muku saƙo ba. Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade ba, ko da a kan Auta ne."

"To ba abin da ka kawo mini ke nan."

"Babu, Baba. Sai waƙarku, a inda muryarku za ta kai."

Baba ya janye hannunsa, ya juya, ya fita. Mama ta bi shi.

Nas ta aje littattafan da ƙarfi. "Ƙanwata, yanzu na gane abin da ya sa kika kusa raba ni biyu da tef. Ni da nake jiran wani likita ya buɗe baki tun bara, me zan yi da mutumin da sai na hau tsani in gaishe shi?" Ta ja kunnen Auta ta wuce.

Suka rage su biyu.

"Dogo, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ni na koya miki zargina, ranar da na ɓoye miki na farko. Ya wuce, Kanarina."

"Da ka ce masa ya nemi gafara," ta ce, hawaye na zuba. "Da yanzu an gama."

"Da ƙaryata zai yafe wa, ba ubana ba. Kuma da igiyar tana nan."

Kwanaki suka wuce Baba bai ta da maganar ba. Yana cin abinci, yana sauraren rediyo, yana amsa gaisuwa a taƙaice. Auta ta shiga sa masa ido kamar yadda ta sa wa Dogo, tana neman alama, ba ta samu ba. Ta fara shirya zuciyarta cewa an rufe ƙofar har abada.

Sai wata safiya, tana wanke fuska a bakin famfo, ta ji murya daga wajen akurkin kaji. Ta tsaya da ruwa a tafin hannu. Baba ne, yana watsa dusa, yana rera waƙar can ƙasa, a daidai matakin da Dogo ya kai ta. Ya zo layi na uku ya tsaya. Ya sake daga farko, ya tsaya a wuri ɗaya. A karo na gaba ya wuce, har ƙarshe. Kaji suna ta caccakar dusarsu.

Mama tana bakin ƙofar kicin, ta ɗora yatsa a leɓe.

Da hantsin ranar ƙofar shago ta yi duhu. Baba ne, da leda a hannu. Bai taɓa zuwa shagon ba sai ranar da aka buɗe shi. Ya zaro wata tsohuwar rigar mawaƙa, shuɗinta ya koɗe, tana warin akwati.

"Duba mini ko za ta shige ni."

Ta juya ta ciki waje. Ɗinkin Mama ne, ga rarar yadi nan a kowane gefe, mai faɗin tafin hannu, a kwance tana jira. Ta ɗauki tef ta zagaya cikinsa.

"Baba, kajin nan kai kake cinye su?"

"Yi aikinki, marar kunya." Ya ɗaga hannuwa sama yana kallon bango. "Shekara da shekaru ina jiran mutumin nan ya zo ya durƙusa, ya ce da gangan ya yi, ni kuma in yafe masa a gaban jama'a kowa ya gani. Da na ji ya rasu, haushi na ji, don ya tafi da ranar da nake jira. Ni na rubuta cewa igiyar a wuyana take, amma ban taɓa shafa wuyan ba. Yesu bai tsaya sai na gane laifina duka kafin ya karɓe ni ba." Ya ja numfashi, tef ɗin ya motsa. "Da gangan ne, ba da gangan ba ne, Ubangiji ya sani. Na sake shi."

Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, tef ɗin na rataye a tsakaninsu.

"Da a ce yaron nan ya yi mini ƙarya, da na ba shi ke ranar, amma da ba zan taɓa yarda da shi ba. Ki ce masa ya turo manyansa. Ki kuma ce su sunkuya, ƙofar falona ba ta da tsawo."

Bai kai bakin titi ba ta ɗauki waya.

"Dogona, ina da aiki da yawa: rigar Baba da za a buɗa, da wata fara da zan ɗinka wa kaina. Ya ce ka turo manyanka."

Amsar ta zo nan take:

"Na saki sukudireba a cikin firijin mutane. Ki sake turowa, Kanarina, in tabbatar idona ne ya karanta."

Ranar auren coci ya cika har tagogi. Bayan Fasto ya haɗa hannuwansu ya sa albarka, sai ya ce akwai wanda zai ja waƙar rufewa yau. Baba ya taso daga bencin gaba cikin koɗaɗɗiyar rigarsa. Tsofaffin da suka san labarin suka dubi juna. Ango ya sumbaci hannun amaryarsa, ya bar ta a tsaye kusa da Nas, ya je ya zauna a gaban piyano da furen aure a ƙirji. Ya ba da mataki, can ƙasa.

Baba ya saurara, ya girgiza kai.

"Ɗaga ta kaɗan, ɗana. Ban tsufa haka ba."

Yatsun Dogo suka tsaya a sama. Ya dubi Baba, ya dubi Auta. Ta gyaɗa masa kai. Ya ɗaga.

Baba ya ɗauka. Layi na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. A na uku, a daidai wurin nan na dā, muryar ta tsage.

Coci ya yi tsit. Baba ya dafa maƙogwaro, ya dubi jama'a, sai ya fashe da dariya, dariya ta gaske har da hawaye. Ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a zamaninsa, ya sake kama layin. Muryar Auta ta hau ta samansa, ta Nas ta tallafe shi ta ƙasa, jama'a duka suka shigo, suka kai waƙar gida tare.

Da aka gama, ya kama hannun ango da na amarya ya haɗa a cikin nasa.

"Ubangiji ya sa albarka a gidanku. Ya ba ku 'ya'ya masu murya, ko da dogaye ne. In ɗayanku ya kasa kaiwa, ɗayan ya sauko masa. Kada kuma rana ta faɗi kuna riƙe da juna a zuciya."

"Amin!" in ji ikilisiya. Mama ce ta fi kowa ɗaga murya.